Gwangwanin Ƙasar Yaya

Ni ban taɓa ganin teku ba, kuma ba na marmarin ganinsa. A Kafanchan aka haife ni, nan na tsufa ina koyar da 'yan firamare, ruwa mafi girma da na sani shi ne wanda yake zubowa a Matsirga in damina ta yi nisa. Amma a cikin teku yayana yake kwance, kuma saura ƙiris danginmu su hana shi ko taku biyu na ƙasa a gidan ubansa. Ban yarda ba, ko gobe aka sake ma ba zan yarda ba.

Yaya shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Tun jirgin ƙasa yana da rai a garin nan ya bi shi zuwa Fatakwal neman aiki, daga dako a bakin tasha har ya samu shiga jirgin ruwa na kaya, a ɗakin inji. Shekara kusan talatin yana wannan aiki. Baƙin mai ya shiga tsagar hannunsa ya zauna, babu sabulun da ya iya fitar da shi. Duk ranar da ya dawo hutu, zai sauko daga mota da akwatinsa na ƙarfe mai shuɗin fenti, Mama za ta dube shi daga sama har ƙasa, ba runguma ba kuka, sai ta ce, "Ka dawo ke nan? Je ka wanke hannu kafin ka taɓa mini tuwo." Shi kuma ya yi dariya ya je ya wanke, ya dawo da hannun kamar yadda yake.

Yaya yana da baki, wannan kowa ya sani. In ya zo Kirsimeti muka tafi ƙauyenmu da ke gefen Madakiya, da la'asar zai zauna ƙarƙashin mangwaro da gyaɗa a faranti, yara su kewaye shi, manya ma su matso da kujerunsu suna yi kamar iska suke sha. Labarin da aka fi so shi ne na Mai Akwati. Wai wani tsoho ne zaune a can ƙarshen ƙasan teku, da ƙaton akwati a gabansa, duk ma'aikacin jirgin da ya mutu a ruwa shi yake karɓa ya adana, har da takalminsa da cokalinsa. Yaya yakan kwaikwayi tafiyarsa, ya ja ƙafa, ya buɗe ido, yara su watse da ihu su sake dawowa. In zai koma aiki kuma sai ya ce, "In kun ji shiru, Mai Akwati ne ya ba ni ɗaki." Mama ta taɓa jifansa da muciya saboda wannan magana.

Akwai kuma abu guda da yake yi wanda ba ya wasa da shi. Ana gobe zai tafi, zai zagaya bayan ɗakin Baba, inda kabarin Baba yake da na kakanninmu, ya tsuguna ya ɗebi jar ƙasa ya cika gwangwanin madara, ya rufe da leda ya ɗaure da roba. Da rana tsaka yake yi, ba ɓoyewa. Na tambaye shi ya fi sau biyar, amsarsa ɗaya: "Ke dai Malama, komai sai kin yi masa jarrabawa." Da na sani da na matsa masa har ya faɗa, da an rage mini wahala.

Ina kasuwa ina tayin acca aka kira ni a waya. Wata murya daga ofishin kamfanin jirgin ta ce Yaya ya yi ciwon ƙirji na kwana uku ya rasu a tsakiyar teku, ɗakin sanyin jirgin ya lalace, ƙasa kuma tana da nisan kwanaki, saboda haka an yi masa jana'iza irin ta ruwa. Ban san yadda na kai gida ba, accan ma a wurin na bar ta. Bayan mako bakwai akwatin shuɗi ya iso a motar haya. Muka kai shi ƙauye muka buɗe a gaban Mama. Kayansa a ninke tsaf, takalmin aikinsa, ƙaramar rediyo, littafin waƙoƙinsa na coci, sai gwangwanin nan a kusurwa. Na ɗaga shi na ji ba nauyi. Ƙasar ta ragu, rabi ce kawai a ciki. A jikin murfin akwatin an manna takarda da lambar waya, an rubuta: mai dafa abinci, Kagarko.

A danginmu akwai al'adu biyu da suka haɗu a kan Yaya. In mutum ya mutu ba a samu gawa ba, ana sare kututturen ayaba a naɗe a binne a madadinsa. In kuma ruwa ne ya ci mutum, ba a shigo da shi kabarin gida, a bakin rafi ake binne shi, wai don kada ruwan ya biyo shi ya koyi hanyar gida. Mai yanke hukunci a kan irin wannan shi ne Baba Ƙarami, ƙanen mahaifinmu. Ranar Lahadi dattijon ikilisiya ne mai karɓar baiko, wato sadakar coci, da farin hankici a aljihu, sauran kwana shida kuma shi ne mai riƙe da al'ada, kuma bai taɓa jin ɗaya ta takura ɗaya ba.

Ya tara maza a tsakar gida, mu mata muna zaune a gefe kan tabarma. Ya ɗaga gwangwanin sama ya girgiza shi don kowa ya ji. Ya ce duk mun ji da kunnenmu yaron nan yana kiran sunan ubangidansa na ruwa, duk mun gan shi da idonmu yana kwasar ƙasar kakanni shekara da shekaru, ga shi yau ta dawo rabi. Ina sauran? Ya kai wa Mai Akwati. Wanda ya sayar da kansa ga mai ruwa, na ruwa ne. Za a binne ayaba a bakin rafi, akwatin da gwangwanin ma can za su bi shi.

Mama tana kusa da ni, ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, daga ɗakinta zuwa bakin ƙofa sai da sanda. A hankali ta ce, ba da kowa take ba, "Ƙafata ba ta kai ni rafi. To ina zan riƙa share masa?"

Nan kaina ya yi zafi. Mata ba sa magana a irin wannan zama, amma na tashi tsaye, zanina ma bai gama ɗauruwa ba. Na ce, "Baba, a gafarce ni. Wane ne a cikinku ya taɓa ganin teku? Ɗaga hannu kawai nake so, kamar yadda nake sa 'yan aji biyu." Ba wanda ya ɗaga, wani ɗan'uwanmu ya ƙunshe dariya. Na ce, "Ruwa bai ci Yaya ba, ciwo ne ya kashe shi a kan gado. Shi kuma Mai Akwatin nan da kuke yanke wa mutum hukunci da sunansa, ɗan wane gari ne? Wa ya haife shi?"

Baba Ƙarami ya ce, "Ke yarinyar nan, zauna!" Ina da jikoki biyu a lokacin. Na ce ba zan zauna ba sai an ba ni mako guda. Fastonmu yana wurin, mutum ne mai gudun rigima, ya gyara murya ya ce shi ba zai shiga maganar gida ba, duk inda aka haƙa rami zai zo ya yi addu'a. Na riƙe wannan maganar tasa da kyau. Baba Ƙarami ya ce mako guda, ba ƙari. Na karɓi gwangwanin daga hannunsa na sa a jakata, bai so ba amma bai ƙwace ba.

Washegari da safe na kira lambar, da gari ya sake wayewa na hau mota zuwa Kagarko. Hanya duk gonakin citta, ni kuwa ba abin da nake gani sai fuskar Baba Ƙarami, ina ta shirya masa maganganu a raina. A bayan tasha na samu mutumin, a wata 'yar rumfar abinci mai benci biyu. Tsoho ne Musulmi, gajere, yana ɗingisa ƙafar hagu, ya bar aikin jirgi daga wannan tafiyar. Ina yin sallama ya ajiye ludayi ya dube ni ya ce, "Ke ce Malama mai faɗa. Ya ce in na ga mace ta shigo kamar za ta kama ɓarawo, ƙanwarsa ce." Ban yi kuka a gaban dangi ba, amma a kan bencin nan na yi, har sai da ya zubo mini shinkafa da miyar kifi ya ce in ci tukuna.

Da na ci, ban yi kwana-kwana ba. Na ce, "Baba, wane ne Mai Akwati? Daga ina ya fito?"

Ya yi dariya har ya riƙe gwiwa. Ya ce shi ma ya daɗe yana wannan tambaya, don mai dafa abinci kowa yana zuwa wurinsa hira. Turawan jirgi suna da sunan da suke kiransa da shi, mutanenmu ne suka mai da shi Mai Akwati. Wani tsohon Bature ya rantse masa cewa asalinsa mai gidan giya ne a wata tashar jiragen ruwa ta da can, in ma'aikata sun bugu ya kulle su a akwati ya sayar wa jiragen da ba su da isassun mutane. Wani ya ce ƙarya ne, annabin nan ne da kifi ya haɗiye, tunda shi ne aka jefa a ruwa don jirgi ya tsira. Wasu baƙaƙen fata daga tsibirai suka ce fatalwar garinsu ce Turawa suka ara suka sa mata riga. "Kowa da nasa, Malama, kuma kowa yana rantsuwa."

Na ce, "Kai fa, me ka gani?"

Ya shiga goge benci da tsumma, ko da yake ba abin da ya zube. Ya ce in kina tsakiyar ruwa, gabas ruwa yamma ruwa, ba mai son bakinsa ya furta cewa wane ya mutu. Kuma a kowane jirgi dole a samu mutum ɗaya da zai buɗe ma'ajiyar mamaci, ya ninke kayansa, ya ɗaure akwatin da za a aika gida. Wanda ya yi wannan aiki, kwana biyu ba a son zama kusa da shi wajen cin abinci. A ganinsa daga nan abin ya fara. Tsoron mai haɗa akwati ne aka ɗauka aka kai ƙasan teku, aka yi masa gemu da ɗingishi, don a samu abin yi wa dariya. Ya ce, "A jirginmu ni nake wannan aikin, sau huɗu na yi. Ɗingishin da yayanki yake kwaikwaya a garinku, nawa ne, ja'irin."

Na ce to ana ba shi wani abu? Ana yi masa yanka, ana zuba masa ƙasa? Nan fuskar tsohon ta canja. Ya ce, "Subhanallahi! Ko ashana ba a ba shi. Wa ya faɗi haka?" Na fito da gwangwanin na ajiye a kan benci na gaya masa duk abin da aka yanke. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya taɓa.

Ya ce 'yan arewa kaɗan ne a jiragen nan, kuma wani dattijo da ya riga su shiga aikin ne ya koya musu. Mutumin da aka haifa a tudu ba abin da yake tsoro kamar a binne shi ba ƙasa. Saboda haka kowa yana tafiya da ƙasar gidansu a gwangwani, in ta Allah ta kasance a ruwa sai a zuba masa ita cikin tampol ɗin da za a ɗinke shi, ya zama dai ya kwanta a ƙasar ubansa. Shi ma da nasa gwangwanin, ya nuna mini a kan kanta, kusa da gishiri. Na ce to ta shekarun baya fa, wadda Yaya ya yi ta kwasa? Ya ce ai in tafiya ta ƙare lafiya, a tsohon bokitin fenti Yaya yake juye masa ita, a tagar kicin. Barkono yake shukawa a ciki. Ƙasar kakanninmu da aka ce an kai wa aljanin teku, ashe miyar ma'aikatan jirgi ta yi ta gyarawa.

Sannan ya ba ni labarin kwana ukun. Yaya bai taɓa ruwa ba, a kan gadonsa ya cika, a bushe, hannunsa cikin na tsohon. Kwana ɗaya kafin nan ya sa aka miƙo masa gwangwanin ya ce, "Rabi nawa, rabi na Mama. Ta mayar inda na ɗebo." Tsohon da kansa ya zuba rabin a kan ƙirjin Yaya, shi ya riƙe tampol ana ɗinkawa. Ya ce bai san addu'armu ba, wani Kirista a cikinsu ne ya karanta, shi dai ya tsaya har aka gama. Ya so ya rubuta duk wannan a takardar, amma bokonsa bai wuce ɗan abin da na gani a jikinta ba.

Na roƙe shi ya biyo ni. Ya nuna ƙafarsa da tukunyarsa, ya ce kuma mutanen da ba su yarda da ɗansu ba, da wuya su yarda da kuku. Sai na sa ya maimaita komai na ɗauka a waya.

Wahalar banza na yi da ɗaukar. Ranar Juma'a na kunna wa Baba Ƙarami a gaban mutane, bai bari ta kai rabi ba ya ce waya ba ta shaida, kuma wa ya san ko shi ma tsohon nan yaron mai ruwa ne, tunda da bakinsa ya ce shi yake haɗa akwatin. An riga an sare ayaba, gobe Asabar za a kai rafi. Na dube shi, mutumin da ya goya ni ina ƙarama, na ji haushinsa har cikin haƙorina. Na ce, "To, Allah ya kai mu goben."

Asabar da sassafe, rana ta fara fitowa, na ɗauki diga da shebur na zagaya bayan ɗakin Baba. A wurinmu mace ba ta haƙa kabari, ko kusa da masu haƙa ba ta zuwa. Na auna taku biyu daga kabarin Baba, daidai inda Yaya yake tsugunawa, na ɗaure zani na sara. Kai, ashe haƙa ba wasa ba ce! Sara goma hannuna ya yi bororo, bayana ya riƙe. Ƙarar digar ce ta fito da mutane. Baba Ƙarami ya zo da gudu ba hula, yana cewa abin kunya, abin ƙyama, a riƙe ta. Ba wanda ya matso, don digar tana hannuna kuma sun san halina.

Na ce, "Baba, ba gawa na kawo ba, ba ayaba na kawo ba. Ƙasar wurin nan ce, a nan aka ɗebe ta a gaban idonka. Faɗa mini al'adar da ta hana ta komawa, in ajiye digar nan yanzu."

Sai ya ce, "In ruwa ya shigo gidan nan ya ɗauki wani, a kanki."

Na ce, "A kaina. Na ɗauka."

Na ci gaba da sara. Can sai na ji ƙarar sanda a bayana. Mama ce, ita kaɗai ta lallaɓo tun daga ɗakinta, tana jan 'yar kujerarta ta tsuguno da ɗaya hannun. Ta ajiye ta a bakin ramin ta zauna. Wata maƙwabciyarmu 'yar zumuntar matan coci ta cire ɗankwali ta ɗaura a ƙugu ta karɓi shebur, wata ta biyo ta. Maza suna tsaye suna kallo, wasu suka sulale. Baba Ƙarami ya shige ɗakinsa ya bugo ƙofa. Bai amince ba, har yau bai amince ba, in na gaishe shi a coci da kai kawai yake amsawa. Ayabar da aka sare kuwa, awaki ne suka ci ganyenta.

Da ramin ya kai gwiwa na aika a gaya wa fasto an haƙa, kuma ina tuna masa alkawarinsa. Ya zo yana share gumi, yana waige-waige, amma ya zo, ya yi addu'a gajeriya. Muka rera waƙa ɗaya daga littafin Yaya, muryoyi biyar ko shida, ba daɗi sosai.

Na kwance robar na buɗe ledar na sa gwangwanin a hannun Mama. Ta shinshina shi, har lokacin yana warin man inji. Ta juye ƙasar a tafin hannunta, ta murza ta da yatsa, sannan ta sunkuya iyakar yadda bayanta ya bari ta sake ta cikin ramin. Ba ta yi kuka ba. Ta karkaɗe hannunta a zani, ta dubi ramin daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Ka dawo ke nan? Je ka wanke hannu."

Daga ɗakinta zuwa wurin taku ashirin da uku ne, na ƙirga. Kullum da safe tana zuwa da tsintsiyarta.